Ruwan kurkurar baki na wurin likitan haƙori: da gaske yana kashe birus, ko dai neman kuɗi ne?

Maman_Nana_Wadata
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku, ya sanyi? Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan. Ranar Talata na je wani kilinik a nan Yamai don a wanke mini haƙora, dasashina ya daɗe yana jini in na yi burushi. Kafin in hau kujera sai yarinyar da ke taimaka wa likitan ta miƙo mini ɗan kofi da wani ruwa ja-ja mai warin aidin, ta ce in kurkure har maƙogwaro, tana duba agogo sai da minti ɗaya ya cika. Na ce na mene ne? Ta ce na kashe birus ne, tun lokacin korona suke ba kowa. Da na koma gida na ba uwar mijina labari. Hajiya ba ta yi wata-wata ba ta aiki yaro farmasi ya sayo mata Bétadine, maganin nan mai aidin. Yau kwana biyar ke nan safe da dare tana kurkura, ta ce ita da mura sun raba gari a hunturun bana, har tana so a riƙa ba yara kafin su tafi lakwal. To ni dai ina son in ji gaskiya. Abin nan yana hana kamuwa da cuta, ko kuwa dabarar ƙara kuɗi ce?

Kabu-kabu_Talladje
Wa alaikumus salam. Hajiya kuɗi ne kawai. Kakanninmu da aswaki suka rayu, sun mutu da haƙoransu 32.

Tanti_Rabi
@Kabu-kabu, wace kakar taka ce ta mutu da 32? Tawa dai da huɗu ta koma ga Allah, su ma goro ya rine su.

Dantis_Yamai
Wa alaikumus salam Maman Nana. Aikina ke nan, bari in faɗi abin da na sani. Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce.

Ta farko, me ya sa muke ba mutum ya kurkure kafin mu fara aiki. Injin da muke huda haƙori da shi yana juyawa sama da sau 300,000 a minti ɗaya, yana fesa ruwa don kada haƙorin ya yi zafi. Na wanke haƙora shi ma rawa yake yi da ruwa. Ruwan nan yana haɗuwa da yawu da ɗan jini ya tashi kamar hazo, ya sauka a fuskata, a rigata, a kujera, wani kuma ya tsaya a iska har mai bi miki ya shigo. In an rage ƙwayoyin da ke cikin yawun kafin a kunna inji, abin da zai tashi ya ragu. To kin ga ba ke ake karewa ba a wannan kofin. Ni ake karewa, da mai taimaka mini, da wanda zai zauna bayanki.

Ta biyu, ko Hajiya za ta tsira daga mura da shi. A nan sai in ce a'a. Birus ɗin mura da na korona ba a baki kaɗai suke zama ba. Cikin hanci suke hayayyafa, da can ƙasan maƙogwaro, da huhu, inda ruwan kurkura ba ya kaiwa. Kuma baki ba randa ba ne da za a wanke a rufe. Mutum yana yin yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Kin share tsakar gida ana iskar ƙura, zai yi tsabta na ɗan lokaci, wanda ya isa a shimfiɗa tabarma a ci abinci, amma kada ki ce kin gama da ƙura. Mu wannan ɗan lokacin muke nema, don aikinmu minti 20 ne ko 30.

Maman_Nana_Wadata
Na gode likita. Wato ni na sha ɗacin, ku kuka ci riba.

Dantis_Yamai
Ke ma kin ci, ai wanda ya riga ki zama ya kurkure dominki.

Ɗan_Adar_74
Salamu alaikum. Ni daga Tawa nike. Ku mutanen Yamai kuna maganar kohin kurkura, mu nan tambayarmu ita ce ina likitan haƙorin ma shike. Mutum na Keita ko Bouza in haƙori ya tashe shi da dare, sai ya yi haƙuri ya biɗi mota zuwa Tawa, in bai da kuɗin mota ya tahi wurin mai cirewa ran kasuwa. Na gani da idona, ƙarhe guda anka cire ma mutum ukku da shi, tsakaninsu sai a tsoma cikin wani ruwa cikin gwangwani a goge da tsumma. Wanga wane kurkure baki za ya tsare shi?

Majo_Tawa
Ɗan Adar ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shekarata 19 ina aikin jinya. Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin baki ba mura ba ce, ciwon hanta ne, wanda muke ce wa hepatit B. Ta jini yake bi, ƙasarmu kuma tana cikin inda yake da yawa. Birus ɗinsa yana iya kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe yana da rai. Ko tulu guda na Bétadine mutum ya kurkure da shi, in ƙarfen da aka sa masa a baki bai dahu ba, an gama. Maganin wannan tukunyar tururi ce, otokilab, zafin digiri 134 na minti 18. Inda babu ita ana amfani da tanda ta busasshen zafi, digiri 170 na awa guda cur. Kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, sabon lissafi ake yi. A nan ne wasu ke yin ha'inci in layi ya yi tsawo.

Saboda haka in kun je wurin likitan haƙori, kada kofin kurkura ya burge ku. Ku dubi kayan aikin. A gabanku aka buɗe su daga leda ko akwati rufaffe? Ya sake safar hannu? Ku tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Baban_Yasmina
Majo, tambayar nan da wuya. Ranar da na tambayi wani ko ya dafa kayansa, kallon da ya yi mini sai da na ji kamar in nemi gafara. Ga shi bakina na hannunsa.

Majo_Tawa
Tambaya tun kafin ka buɗe bakin ake yi, Malam.

Farmasiya_227
Maman Nana, don Allah kafin a yi nisa, wace kala ce kwalbar da aka sayo wa Hajiya? Bétadine kala-kala ce kuma mutane suna rikita su. Koriya ita ce ta baki. Rawaya ta fata ce da ciwo. Ja sabulu ce ta wanke hannu da jiki kafin tiyata, tana kumfa. Shuɗiya ta mata ce. Na sha ganin wanda ya kurkure da ja don ita ce a gida. Ko koriyar ma ba a kurkura da ita tsura, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ake zubawa a kofin ruwan ɗumi, kuma ba a haɗiyewa. Yara ƴan ƙasa da shekara 6 ba a ba su sam, don ba su iya tofarwa ba. Mai ciki da mai shayarwa su ma su bar ta, aidin yana ratsawa ya kai ga jariri. Haka duk mai ciwon maƙoƙo.

Maman_Nana_Wadata
Koriya ce, na duba yanzu. Amma tsaya, kin ce maƙoƙo? Hajiya tana da kumburi a wuya shekara da shekaru, har tana shan wani ƙaramin ƙwaya kullum da safe da aka rubuta mata.

Farmasiya_227
To ta dakata yau ɗin nan, kada ta ƙara. Ba ina tsorata ki ba ne, kwana biyar ba lalle ya yi wani abu ba. Amma ƙullin nan na wuya da aidin yake aiki, kuma fatar cikin baki tana tsotsar wani abu daga cikin maganin ko ba a haɗiye ba. Ga mai lafiya sau ɗaya a kujerar likita ba komai. Ga mai maƙoƙo, safe da dare har hunturu ya wuce, yana iya birkita masa lissafi, ko ƙullin ya yi aiki fiye da kima ko ya yi sanyi. In ta ji bugun zuciya, rawar hannu, zufa ko rashin barci, ku kai ta wurin wanda ya rubuta mata ƙwayar, ku tafi da kwalbar a hannu.

Dantis_Yamai
Na goyi bayan Farmasiya. Kuma laifinmu ne wani lokaci. Kamata ya yi kafin a miƙa wa mutum kofin a tambaye shi: kina da ciki? kina da maƙoƙo? aidin yana ba ki ƙaiƙayi? Maman Nana, an tambaye ki?

Maman_Nana_Wadata
Ko ɗaya. Sunana kawai aka tambaya da kuɗin karte.

Bakonniya
Hmm. Allah shi kyauta.

Ɗaliba_FSS
Ina gaida manyana. Ni ɗaliba ce a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, ku gyara mini in na kauce. Abin da ya sa ake cewa waɗannan ruwaye suna kashe birus shi ne, wasu birus suna da riga ta kitse a jikinsu: korona, mura mai zazzaɓi, da wanda ke fito da ƙuraje a leɓe. In aka fasa rigar, birus ya mutu, kamar yadda sabulu ke yi masa a hannu. Akwai wani sinadari da ake rubutawa CPC a jikin wasu kwalabe, shi aikinsa ke nan. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya suka nuna yana kashe birus ɗin korona cikin daƙiƙa 30, labarin ya zagaye duniya. Sai dai a kwalbar gwaji ne aka yi, ba a bakin mutum ba. Wasu birus kuma ba su da rigar kwata-kwata, kamar na shan inna, su wannan dabarar ba ta cika kama su ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta: a 2022 ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace shi, sun duba gwaje-gwajen da aka yi kan kurkure baki kafin aikin haƙori. Ba su sami ko ɗaya da ya auna ko likitoci sun rage kamuwa da ciwo ba. Abin da aka auna shi ne yawan bakteriya da ke sauka a faranti in an ajiye kusa da kujera. Wannan kam da alama yana raguwa.

Kabu-kabu_Talladje
Kun ji ko! Ba ni na faɗa ba? Turawan ma sun ce ba ya aiki.

Ɗaliba_FSS
Yaya ba haka na ce ba. Ba a auna ba daban, an auna an ga ba ya aiki daban.

Dantis_Yamai
Ƙanwata ta faɗi daidai, kuma ba na jin kunyar amsawa. A watan Maris na 2020, da aka sami mutum na farko da korona a Yamai ranar 19 ga wata, mu masu aikin baki mun fi kowa tsorata, don mu ba mu da yadda za mu ce wa majinyaci ya sa takunkumi. Shawarar da ta zo daga ƙungiyoyin likitocin haƙori na waje a lokacin ita ce a kurkure da ruwan oksijene mai ƙarfin 1 zuwa 1.5 cikin ɗari ko aidin mai rauni. Ba don an tabbatar ba ne, don abu ne mai arha, haɗarinsa kaɗan, kuma hankali ya ɗauka. Daga baya gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane suka zo a gauraye: wasu sun ga birus ya ragu a yawu na ɗan lokaci, wasu ba su ga bambanci da ruwan banza ba. Ni har yau ina bayarwa, amma a jerin abin da na dogara da shi, shi ne na ƙarshe. Na farko takunkumi mai tace iska sosai, FFP2, da gilashin ido, sai bututun da ke zuƙe ruwa da ƙarfi a bakin majinyaci, sai buɗe taga. Ɗakin da aka rufe ruf aka kunna kilim tun safe ya fi ba ni tsoro a kan majinyacin da bai kurkure ba. Kuma wanda ya zo yana tari da zazzaɓi, in ba ciwon gaggawa ba ne, ina ba shi magani in ce ya dawo bayan sati.

@Kabu-kabu, game da kuɗi: abin da ke cikin kofin nan bai kai kuɗin ruwan leda biyu ba. In an caje ka dominsa daban, wannan halin mai wurin ne.

Malam_Boukoki
Assalamu alaikum. Ina bin maganarku tun ɗazu. Ni abin da nake so in tunatar, Musulmi yana kurkure baki da shaƙa ruwa sau uku-uku a kowace alwala. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umurce su da aswaki a kowace salla. Ban ce wannan ya maye gurbin maganin likita ba, kowane da wurinsa. Amma tambaya gare ku: an ce wasu daga cikin ruwayen nan akwai giya a ciki. Gaskiya ne?

Farmasiya_227
Gaskiya ne Malam, akwai alkol a wasu. Listerine na asali yana da sama da kashi 20 cikin ɗari. Eludril da ake rubutawa a nan shi ma yana da shi, shi ya sa ake sirka shi da ruwa. Amma akwai waɗanda babu, an rubuta a jikin kwalbar. Ka ce wa mai farmasi kana son marar alkol. Ba alkol ɗin ne ke yin babban aikin ba dama, kuma ga mai bushewar baki ko gyambo a baki, marar alkol ɗin ya fi daɗi.

Malam_Boukoki
Madalla. Malamai sun yi saɓani kan alkol na magani da ba a sha, ba zan yanke hukunci a nan ba. Amma tunda akwai wanda babu, an huta. Mai azumi kuma ya kiyaye kai ruwa can maƙogwaro, don hadisin Laƙiɗ ɗan Sabira ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai in ana azumi. In aikin haƙorin ba na dole ba ne a bar shi bayan salla, ko a nemi lokaci bayan buɗa baki.

Ɗaliba_FSS
Malam, akwai abin da zai yi maka daɗi. A Japan kurkurar maƙogwaro al'ada ce, yara ma ana koya musu in sun dawo gida. An yi wani gwaji a can da aka buga a 2005, mutum 387, aka raba su uku na kwana 60 a lokacin sanyi: masu kurkura da ruwa zalla, masu kurkura da aidin, da waɗanda aka bari yadda suka saba. Masu ruwa zalla mura ta ragu musu da kusan kashi 36 cikin ɗari. Masu aidin ba a ga wani bambanci na kirki ba.

Tanti_Rabi
Ikon Allah. Wato Hajiya ta kashe kuɗinta, alhali ga buta a tsakar gida.

Dantis_Yamai
A yi hattara dai, gwaji ɗaya ne, kuma su har can maƙogwaro suke kaiwa suna ɗaga kai, ba kurkurar alwala ba. Mu da muke alwala sau biyar ai muna yin mura. Japan ɗin nan kuma ta taɓa ba da darasi ta ɗaya gefen. A watan Agusta na 2020 gwamnan Osaka ya fito a talabijin ya ce kurkura da aidin tana rage korona, kafin gari ya waye an kwashe shi daga kantuna, likitocin da ke bukatarsa don aiki suka rasa. Abin da Hajiya ta yi, mutanen Osaka sun riga ta.

Bakonniya
Ni tambayata dabam ta. Bayan an cire mini haƙorin ƙarshe anka rubuta mini wani ruwa, na ji daɗinshi, na yi ta saye har wata biyu. Yanzu haƙorana sun yi baƙi-baƙi tsakani, halshena ma haka, abinci duk babu ɗanɗano. Miji na ce mini ko na fara cin goro a ɓoye. Mi ke kawo wanga?

Dantis_Yamai
Kulorekzidin ne, ba shakka. Duba kwalbar za ki ga 0.12 ko 0.2 cikin ɗari. A kan bakteriya babu kamarsa, yana manne wa haƙori da dasashi yana aiki sa'o'i bayan an tofar. Wannan mannewar ce kuma ke jawo rini, balle ga mai shan shayi, ga mu da shayi kamar ibada. Sati ɗaya zuwa biyu ake yi a tsaya, sai in likita ya ce a ci gaba. Ki daina, ɗanɗano zai dawo da kansa, baƙin kuma ana goge shi da inji, ba ya zama. Wani abu da ba a faɗa wa mutane: kada a kurkure da shi nan take bayan burushi, kumfar man goge baki tana kashe masa ƙarfi, a bar rabin awa tsakani. Kuma ga abin dariya, shi da ya fi kowa a kan bakteriya, a kan birus bai kai aidin da CPC ba a yawancin gwajin kwalba.

Majo_Tawa
Mu ma muna amfani da shi wurin goge bakin marasa lafiya da aka sa wa bututun numfashi, don kada ƙazantar baki ta gangara huhu. Shi ma yanzu likitoci suna ta muhawara a kansa, wasu sun ce burushi mai kyau ya fi muhimmanci. Sai kuma gargaɗi ga masu jego: akwai kulorekzidin na cibiyar jariri, ya fi na baki ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba na baki ba ne, ba na ido ba ne. An sami jarirai a ƙasashen Afirka da aka ɗiga musu a ido aka ɗauka maganin ido ne, suka makance. Suna ɗaya, aiki daban.

Ɗan_Adar_74
Majo Allah shi saka. To mu da ba mu da farmasi kusa, gishiri da ruwan ɗumi hwa? Tsohuwata bagaruwa taka dahwawa ta ba mu in baki ya yi ƙuraje, in haƙori ne kanumfari.

Dantis_Yamai
Gishiri da ruwan ɗumi ni ma ina sa mutane su yi bayan cire haƙori, daga washegari, ba ranar ba, kada a wanke gudan jinin da ya toshe ramin. Yana sanyaya wuri, ba ya cutarwa, amma kada a ce yana kashe birus. Kanumfari akwai mai a cikinsa da mu kanmu muke amfani da shi a aiki, yana kashe zafi, ba ya cike rami. Abin da nake roƙo a bari shi ne ruwan batir, fetur da man birki da ake ɗigawa a kogon haƙori. Na ga dasashin da ya ƙone har ƙashi ya bayyana.

Kabu-kabu_Talladje
Man birki kam yana aiki, na gwada.

Tanti_Rabi
Shi ya sa ba za ka kai 32 ɗin kakarka ba.

Baban_Yasmina
Ku bar wasa, ni ina da tambaya ta gaske. Matata ce ke da mura yanzu, ɗaki ɗaya muke da jariri ɗan wata uku. In ita ta riƙa kurkurewa, ba zai rage abin da take fesa wa yaron ba? Ai dabarar ɗaya ce da ta likita.

Ɗaliba_FSS
Tambayar tana da ma'ana Baban Yasmina. Bambancin shi ne likita rabin awa yake nema, ita kuwa tana tare da yaron dare da rana, kuma atishawa daga hanci take fitowa. Wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke shi, takunkumi lokacin ba da nono, da barin iska ta shiga ɗakin sun fi. Kada ta daina shayarwa.

Farmasiya_227
Kuma kada ta taɓa Bétadine tunda tana shayarwa, na faɗa a sama. In yaron ya yi zazzaɓi ko numfashinsa ya yi sauri, ɗan wata uku ba a jira da shi, a tafi asibiti.

Majo_Tawa
Ni ban yarda a ce ba shi da amfani gaba ɗaya ga mai mura ba. In maƙogwaro na ciwo, kurkura tana sauƙaƙa shi, wannan na gani a kaina. Sauran kuwa Allah masani. Amma tunda an tara mutane, bari in koma kan hantata: yara suna samun rigakafin hepatit B a cikin allurar Penta, manya da aka haifa kafin a fara ta yawanci ba su da shi. Allura uku ce. Duk mai aiki da jini, har wanzamai da masu yankan farce, ya je a gwada shi a yi masa. Na san masu taimaka wa likitan haƙori da ke miƙa wa mutane kofin kurkura kullum, su kansu ba a yi musu ko ɗaya ba.

Dantis_Yamai
Majo wannan ta same ni. Gobe zan tambayi tawa.

Maman_Nana_Wadata
Na dawo. Na karanta wa Hajiya abin da Farmasiya ta rubuta, ta yi shiru, ta ce ita ba ta ji bugun zuciya ba, ƴan zamani ne da tsoro. Sai da ɗanta ya sa baki ta miƙo kwalbar, amma ta ce kada a zubar, kuɗi ne. Jibi za mu kai ta wurin likitanta da kwalbar kamar yadda aka ce. Yaran kuwa dama ban bari an ba su ba. Yanzu ta koma gishiri da ruwan ɗumi, ta ce a gaya wa yarinyar Japan ta gode.

Ɗaliba_FSS
A gaida Hajiya. Ni ƴar unguwar Lazaret ce fa a nan Yamai, ko Agadez ban taɓa zuwa ba.

Ɗan_Adar_74
Dantis, ba ka amsa mini ta farko ba. In mutum na ƙauye ba shi da zaɓi sai mai cirewa na kasuwa, mi za ya ce mishi shi yi da ƙarhen kahin shi sa mishi a baki? Tafasawa cikin tukunya ta isa, ko a'a? Ƙanena ne, kumatunshi ya kumbura tun shekaranjiya.

Majo_Tawa
Ɗan Adar, kumburi ya kai ido ko ƙasan haɓa? Yana iya buɗe baki ya haɗiyi ruwa? Kada kowa ya taɓa haƙorin nan a kasuwa. Ka sa shi a mota da safe, in yana zazzaɓi ko haɗiya ta yi wuya kada ma ku jira safiya. Duba saƙonka, na rubuto maka.